Litinin: tambayar "ko dai tunani ne kawai?"

Da safe.
Tambayar da ta fi yawa yau a zaman masu fama da fibromayaljiya, wato ciwon jiki mai daɗewa da ke yaɗuwa ko'ina, ita ce: idan ɓacin rai yana tayar da ciwon, ashe ciwon ba na gaske ba ne? Na gaske ne. Matsalar tana cikin laka da ƙwaƙwalwa, inda ake ƙara wa saƙon zafi ƙarfi fiye da kima. A binciken da Richard Gracely da abokan aikinsa suka yi a 2002, an danna farcen babban yatsa ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kusan rabin dannawar da ke sa lafiyayye jin zafi ta isa ta kunna sassan zafi a ƙwaƙwalwar majinyata. A ruwan lakarsu kuma, sinadarin P mai isar da saƙon zafi yakan ninka na lafiyayyu sau biyu zuwa uku.

To ina damuwa ta shigo? Ƙwaƙwalwa tana da birki, jijiyoyin da ke saukowa laka su danne zafi ta hanyar sirotonin da noradirenalin. Waɗannan sinadarai su ne dai ke da hannu a yanayin zuciya da barci. Fargaba ta daɗe, barci ya gutsure, birkin sai ya yi sanyi. Shi ya sa ake ba da magungunan ciwon baƙin ciki masu ƙara waɗannan sinadarai, irin su duloksetin, ko amitiriftilin miligiram 10 zuwa 25 da dare, ko da mutum ba ya cikin baƙin ciki. Ibufurofen ba ya taɓuka abin kirki, don babu kumburin da zai kashe. Magungunan kashe zafi dangin mofin kuwa suna iya ƙara jin zafin.

Da rana.
Kuskuren da aka fi maimaitawa: ranar sauƙi a yi aikin kwana uku, washegari a kwanta. Gyaransa shi ne a auna tafiyar da ba ta tayar da ciwo, a ce minti 10, a fara da ƙasa da haka, 7 ko 8, kullum, har a ranar da jiki ya ƙi. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako. Motsa jiki ne kaɗai ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta ba da shawara mai ƙarfi a kansa.

Da dare.
A littafin da za a riƙa rubutawa kullum, layi uku sun isa: awannin barci, makin zafi daga 0 zuwa 10, da abin da ya sosa rai. Sau da yawa ciwon ba ya tashi nan take, sai washegari, don haka a riƙa duba layin jiya.