Hulata a ɗakin cin abincin jirgin ruwa

Daren farko da jirginmu ya tashi daga Basalona ya shiga Bahar Rum, na sha kaftanin shadda da hula zanna bukar, na nufi babban ɗakin cin abinci. A bakin ƙofa wani ma'aikaci ya tare ni cikin ladabi, yana nuna kaina. Wai maza ba sa shiga da hula.

Na yi turus. Ni da Baba ke korata in koma in sa hula kafin in gaida baƙi!

Ashe wajen Turawa abin a juye yake. Namiji ne ke tuɓe malafa in ya shiga ɗaki ko zai zauna cin abinci, mace kuwa ta bar tata. Dokar jirgin ma hular hana-sallah take nufi, da gajeren wando da kayan iyo, su aka hana a abincin dare. Can sama inda kowa ke zuba wa kansa, ba ruwan kowa da shigarka.

Aka kira babbansu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ai wannan tufafin gargajiya ne, ya ba ni haƙuri, ya raka ni har teburi.

Ranar daren ado, da suka fito cikin baƙar kwat da lakataye, babbar riga na zuba. Wata dattijuwa 'yar Sikotland ta roƙi mu yi hoto. Mijinta kuwa siket ɗin gargajiyarsu ya ɗauro, gwiwa a waje, ba wanda ya ce masa uffan.