Hoton littafi da saƙon murya: yadda nake tafiyar da lesin ɗina a Kano

Shago biyu na kama haya, na fasa bangon da ke tsakaninsu, shi ne ajinmu. Gefe guda bencina ne da farin allo, ɗaya gefen kuma kwamfutoci 14 a jere jikin bango. Duk na hannu ne, ɗaya bayan ɗaya na tara su daga Farm Centre da titin Beirut. Sana'ata lesin ce. Ina shirya 'yan aji shida na sakandare, da waɗanda suka gama suke zaune a gida, domin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ni ke ɗaukar lissafi, sannan ina da malamai 4 da nake biya gwargwadon darasin da kowa ya yi a mako.

Sana'ar tana da kaka da rani kamar noma. Daga watan Janairu zuwa lokacin da za a zana JAMB, benci ba ya ɗaukar yara, har sai mun raba su na safe da na yamma. Da an gama NECO sai wurin ya yi tsit. A dogon hutu koyar da kwamfuta ga ƙananan yara da matan aure ne ke biya mana haya. Iyaye kuwa da wuya ka ga wanda ya biya kuɗin zango a dunƙule. Wani ya kawo rabi, wata ta ce a jira ta ɗauki adashi, kuma ina jira, domin na san gidajen da yaran suke fitowa.

Kwamfutocin na saye su ne saboda JAMB. Tun 2015 hukumar ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu: Turanci 60, sauran darussa uku kowanne 40, a tara maki bisa 400. Wurina ba cibiyar zana jarrabawa ba ne, waɗancan sai mai ɗaruruwan kwamfutoci. Nawa aikin shi ne kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da yaro ya zauna gaban na'urar.

Akwai wata yarinya da ba na mantawa. A takarda babu wanda ke kamo ta a ajin. Ranar da na zaunar da ita gaban kwamfuta, sai ta ɗora yatsu biyu kan linzamin kamar mai taɓa tukunyar da aka sauke yanzu. Ta tura shi, kibiyar ta gudu ƙarshen allo ta ɓace mata. Ta janye hannun ta ɓoye cikin hijabi, ta ce, "Malama, na ɓata muku abu." Agogon gwaji yana ta tafiya a saman allo, minti bakwai ba ta amsa ko tambaya ɗaya ba. Na ɗauke linzamin na ajiye gefe, na nuna mata madannai. A jarrabawar JAMB ana iya yin komai da 'yan haruffa: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka ci gaba, P ka koma baya, S ka miƙa aikinka. Na ce ta danna N sau goma, ta danna P sau goma, babu abin da zai fashe. Kafin la'asar ta gama tambaya 40. Tun daga ranar, makon farko na kowane sabon ɗalibi ba na ba shi maki a kwamfuta. Ya danna, ya goge, ya buɗe ƙaramar kalkuleta ta kan allo, ya rufe, har hannunsa ya saki.

Koyarwa daga nesa kuwa korona ce ta tura mu cikinta. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, a tsakiyar Afrilu aka sa dokar kulle a Kano, azumi ya zo ya same mu a gida. WAEC da ya kamata a fara a Afrilu aka ɗage ta, ba a zana ba sai 17 ga Agusta. Ga haya tana tafiya, ga yara sun biya kuɗi, ga malamai suna da iyali.

Na fara da Zoom saboda shi kowa ke ambato. Bai yi mana ba. Na kyauta yana yankewa bayan minti 40, amma ba wannan ne ya kayar da mu ba. Yawancin yarana ba su da wayar kansu. Babbar waya ɗaya ce a gida, ta uba ko ta uwa ko ta babban yaya, kuma ba ta zuwa hannun yaro a lokacin da na sa darasi. Wanda ya samu wayar, sabis ya riƙa sarƙewa, muryata tana zuwa masa guntu-guntu. Wanda sabis ya yi wa kyau, datar mako ta ƙare masa a zama ɗaya. Wani uba ya kira ni ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, ko abinci ko data." Ban sake kiran darasin kai tsaye ba.

Abin da ya tsaya mana shi ne WhatsApp, ta hanya mafi sauƙi. Da safe zan rubuta misali ɗaya a farar takarda da baƙin biro, manyan haruffa, in ɗauki hotonta kusa da taga. Sai in yi saƙon murya wanda bai wuce minti uku ba, ina bin layin takardar ɗaya bayan ɗaya. Bayani da Hausa, sunan abu da Turanci, domin da Turanci za a tambaye su. A ƙasa tambaya biyar. Yaro ya saurara duk lokacin da waya ta zo hannunsa, ya yi aikin a littafinsa, ya ɗauki hoto ya turo mini ni kaɗai. Zaurenmu na WhatsApp na kulle shi, malamai ne kawai ke iya tura saƙo, in ba haka ba darasi zai nutse cikin gaisuwar Juma'a da hotunan biki.

Hotunan nan su suka canza mini koyarwa. Suna shigowa bayan sallar isha'i, wani an haska da tocila, wani da inuwar kan yaron a rabin shafi, wani ga gefen tabarma da kwanon tuwo. A aji, in na ce "kun gane?" kowa zai ce "e, Malama", har wanda tun layi na biyu ya ɓace. A hoto kuwa ina ganin daidai wurin da ƙafar yaro ta zame. Wani dare na ba su 3(x − 2) = 12. Yara tara suka rubuta 3x − 2 = 12 a layi na gaba. Shekaru ina koyar da buɗe baka, ban taɓa sanin kuskuren ya yi yawa haka ba, domin amsar ƙarshe kawai nake dubawa in ja jan biro. Na yi musu saƙo na ce: ukun nan baƙuwa ce ta shigo ɗaki, mutum biyu ne a ciki. Baƙuwar kirki ba ta gaida x ta wuce 2 ba ta ce masa komai ba. Ta gaida x ya zama 3x, ta gaida 2 ya zama 6. Sai a samu 3x − 6 = 12, x ya fito 6. Har yau a ajina in wani ya yi wannan kuskuren, na kusa da shi ne zai ce masa, "Ba ka gaida kowa ba."

Da aka buɗe makarantu ban bar wannan hanya ba, na ma shigo da ita cikin aji. Na sa kafinta ya yanka mini falanki ƙanana, kowane yaro da nasa allon da alli. In na ba da tambaya, kowa ya rubuta, in ƙirga uku, a ɗaga gaba ɗaya. Cikin daƙiƙa kaɗan na ga aji duka. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san malam ba ya yi maka ƙari sai ka biya abin da ke allonka ya ji da kunnensa. Muna kuma da kati huɗu na kwali, A zuwa D, don tambayoyin zaɓi. In na ga aji ya rabu biyu tsakanin B da C, ba na faɗin amsa. Sai in ce mai B ya nemi mai C, kowa ya kare nasa minti biyu, a sake ɗagawa. Sau da yawa amsar daidai takan yi rinjaye ban buɗe baki ba, kuma wanda ɗan'uwansa ya gamsar da shi ya fi riƙe abin.

Kowane ɗalibi yana da littafi na musamman da muke kira littafin kuskure. Tambayar da ya faɗi, amsar da ya bayar, da dalilin faɗuwar da hannunsa: ban karanta tambayar duka ba, na manta alamar ragewa, ban san ma'anar kalmar ba. Na ukun nan ya fi yawa fiye da yadda mutane ke zato. Yaro ya iya lissafin sarai, kalma ɗaya ta Turanci ce ta tare masa hanya. Shi ya sa malamin Turancinmu yake karɓar waɗannan littattafai duk Alhamis ya fitar da kalmomin da zai koyar a mako mai zuwa.

Gwajin ƙarshen mako da Google Forms muke yi. Ba don ya fi takarda kyau ba, sai don yana yin maki da kansa kuma yana nuna mini tambayar da yawancin yara suka faɗi. Wannan tambayar ita ce darasin Litinin. Malamin fiziks yana amfani da PhET, wasannin gwajin kimiyya na Jami'ar Colorado da ke Amurka, kyauta ne kuma ana sauke su a yi aiki da su ba intanet. Yaran da makarantarsu ba ta da ɗakin gwaji suna haɗa batir da waya da ƙwan fitila a allo, su ƙara ƙwai na biyu su ga haske ya ragu, su canza haɗin su ga ya dawo. Ni kuma GeoGebra nake haskawa da majigi in muna zanen giraf, in ja lamba ɗaya su ga layi yana miƙewa yana kwantawa. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na intanet da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, ina nuna wa iyayen da ke neman abin da ƙannen ɗalibaina za su yi a gida. Duk wani bidiyo mai nauyi sau ɗaya nake sauke shi, sai yara su karɓa ta Xender ko a memori. Ba na yarda yaro ya ƙona datar gidansu kan abin da zan iya ba shi a hannu.

Na kuma yi asara. Na taɓa biyan kuɗin shekara na wata manhajar kula da makaranta mai rajista da jadawali da shafin iyaye. Iyaye uku ne suka taɓa shiga. Yanzu sakamakon yaro a takarda nake ba shi, sannan in kira gida. Uwa ta fi son ta ji muryata ina cewa, "Hajiya, 'yarki ta ƙara maki a lissafi, amma tana makara." A nan ne take gaya mini yarinyar ce ke kai ƙannenta makaranta kafin ta taho, sai mu mayar da ita ajin yamma.

Wuta ita ce babban kashin kuɗinmu bayan haya. Da janareta muke, har aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lissafin ya daina fita. Na sayar da manyan kwamfutoci shida masu cin wuta, na maye su da laftof na hannu, na sa sola da inbata da batir biyu. Sai da na ci bashi, amma yanzu gwaji ba ya yankewa a tsakiya, kuma babu ƙarar inji a kunnen mai karatu. Lokacin hunturu aikinmu na kowace safiya shi ne goge ƙura a kan faifan sola da lulluɓe kwamfutoci da tsofaffin zannuwa. A 2025 kuɗin kira da data suka tashi, sai na ƙara matse saƙonnina: hoto ɗaya, murya ɗaya, ba bidiyo a zaure.

Abin da ke damuna yanzu shi ne amsoshin da ba na yara ba. Tun da Meta AI, ƙirƙirarriyar basirar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa, ya shigo cikin WhatsApp a 2024, na fara ganin aikin gida mai tsabta fiye da kima, layi-layi babu gogewa, da hanyar da ban koyar ba. Ban hana su amfani da shi ba, ba zan ma iya ba, wayar tana gidansu. Abin da na yi shi ne na ƙara sharaɗi. Duk wanda ya turo hoto, zan zaɓi tambaya ɗaya in ce ya yi mini bayaninta da muryarsa cikin minti ɗaya, da Hausa in ya so. Wanda ya kwafa, a layi na biyu yake tsayawa. Ba na kunyata shi a zaure. Washegari zan zaunar da shi in ce, "Ɗana, ranar JAMB ko biro ba a shiga da shi, balle waya. Kawo littafin mu yi tare." Wasu kuma sun koyi tambayarsa ya yi musu bayanin matakin da ba su gane ba, su dawo su gwada ni da shi. Waɗannan ina jin daɗinsu, kuma nakan sa mu bi lissafin nasa tare a allo, domin shi ma yakan yi kuskure.

Haka nake yi da masu zuwa neman "ekspo", wato satar amsar jarrabawa. Duk shekara sai an sami uban da zai ja ni gefe ya tambaya ko muna da hanya. Ina ce masa ba mu da ita, kuma na rasa ɗalibai saboda haka. Abin yana mini ciwo, domin kuɗin haya ba ya jira, amma na ga yaran da aka saya wa maki sun shiga jami'a sun kasa shekarar farko, sun dawo gida da karyayyar zuciya.

Bana akwai yara biyar da gidansu babu babbar waya ko ɗaya. Na sayi biyu na hannu, na cire musu komai sai WhatsApp da manhajar gwaji, suna karɓa da yamma bi da bi, uwa ta sa hannu a littafi, a dawo da ita da safe in sa a caji. Uku daga cikinsu 'yan mata ne da ke zaune layi ɗaya, don haka su waya ɗaya ta ishe su: suna haɗuwa a gidan ɗaya bayan magariba, hotunansu uku su shigo mini a jere. Ina tara kuɗin waya ta uku kafin Janairu, lokacin da sababbin 'yan JAMB za su fara zuwa.