Ashe haƙori a rataye yake

Satin da ya wuce aka cire min turmi na sama, bayan na kwana uku ina zagaye tsakar gida da kanumfari a kumatu, makilin ma sai da na shafa duk a banza. Ni a zatona likita zai kama ne ya fizge kamar mai zare ƙusa daga katako, sai na ga bayan allura ya tsaya yana ta girgiɗa shi a hankali, ya tura nan ya tura can, har na fara gajiya da buɗe baki. Da ya fito ya nuna min a faranti wallahi sai da na tsorata, saiwa uku ringis, kuma saiwar ta fi abin da ake gani a baki tsawo.

Bakina a kumbure na ce likita wai me ya sa sai da ka yi ta jijjiga shi haka? Ya ce ai haƙori ba a haɗe yake da ƙashin muƙamuƙi ba, kowanne yana da ɗan gurbinsa a cikin ƙashin, tsakanin saiwa da bangon gurbin kuma akwai wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure shi ta ko'ina, kaurin wajen bai ma kai rabin milimita ba. Su yake tsinkawa yana buɗa gurbin. Turamen ƙasa yawanci saiwa 2 gare su, na sama 3, haƙoran gaba da fiƙa ɗaya ɗaya.

Abin da ya fi burge ni, zaruruwan nan suna da ji. In kana cin shinkafa da wake ka taune tsakuwa, kafin ma ka yi tunani baki ya tsaya cak, to su ne suka kai rahoto.

Sai Inna ta faɗo min a rai, haƙoranta na gaba suna girgiɗi kuma ko ɗigon rami babu, kullum cewa take tsufa ne. Da na tambayi likitan ya ce galibi ciwon dadashi ne, dattin da ya daskare a gindin haƙori yana sa kumburi, a hankali ƙashin da zaruruwan su zaizaye, kuma ba ya zafi da wuri, jini kawai za ka gani a asuwaki ko buroshi. Ni kuwa shekara nawa ina tofar da jinin nan ina cewa buroshin ne ya yi tauri.

Yanzu saura 31 a bakina. Ranar Litinin zan kai Inna, in ta yarda, don tun jiya take cewa ita ba mai taɓa mata baki da ƙarfe.