Katako tara a kan tebur

Kafinta na sa ya yi min su: 'yan katakai tara, kowanne kamar kwalin ashana, a manne barkatai a kan allo. Lambobin jikinsu ni kaɗai nake gani, don ɓangarena suke kallo. Gwajin Corsi ke nan, na auna yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe jerin wurare na ɗan lokaci, wanda Philip Corsi ya fito da shi a Kanada a 1972. Zan taɓa katakan ɗaya bayan ɗaya, daƙiƙa guda tsakani, wanda ake gwadawa ya bi sawuna. Da biyu ake farawa, a riƙa ƙarawa. Babba mai lafiya yakan kai biyar ko shida kafin ya rikice.

Wata uku na yi ina gwada masu zuwa karɓar maganin HIV a asibitin da nake aikin jinya. Ƙwayar cutar tana shiga ƙwaƙwalwa tun farkon kamuwa, ta laɓe a ƙwayoyin garkuwa da ke can, kuma kumburin da ke biyo baya yakan taɓa gaban ƙwaƙwalwa, inda mutum ke riƙe "nan, sai can, sai can" na ɗan lokaci.

Wani direban Adaidaita Sahu, da ya kusa haifata, a uku ya tsaya. Ya ture allon. "Haba Malama, ni da na san Kano kamar yunwar cikina?" Gaskiyarsa. Daga Kurmi zuwa Sabon Gari babu lungun da bai lissafa min ba. Na ce, "Baba, hanyar da ka shekara ashirin kana bi daban, abin da aka nuna maka yanzu-yanzu daban." Ya yi jim, sannan ya ce ai kwanan nan in fasinja uku suka faɗi inda za su sauka, na tsakiyar yakan ɓace masa.

Sai dai laifina ya fi na katako yawa a ranar. Bayan azahar na zaunar da shi, alhali tun asuba yake kan layi, cikinsa ba komai, hankalinsa na kan balas ɗin mai keke. Da ya dawo wata na gaba na gwada shi da hantsi, ya sha koko da ƙosai, ya kai biyar. Daga nan ba na ɗauko allon sai na tambayi barci, da abinci, da damuwa, da irin maganin da mutum ke sha. Waɗanda suka sha maganin HIV mai suna efavirenz kafin a koma dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2019, sun sha ba ni labarin jiri da munanan mafarkai.

Wata dattijuwa kuwa sau biyu tana tsayawa a uku, da safe, a ƙoshe. Ita na kai wa likita. Kafin ta tashi na ce, "Inna, ina kike ajiye maganin?" Ta ce kullum wuri take sakewa, don kada jikoki su gani, ita ma sai ta wuni tana nema. Muka tsayar da wuri ɗaya: cikin jakar carbinta.