Kafin ka sayi kayan gyaran katafilar juji, nemo lambarta

Kamfaninmu ƙarami ne, kuma aikinmu guda: gyaran katafilolin da ke danne shara a manyan juji, da samo musu kayan gyara. Ƙafafun irin wannan katafila gangunan ƙarfe ne masu haƙora, tana tura shara da farantin gaba, tana bi ta kai tana murƙushewa har ta kwanta. Caterpillar 826K tana kai tan 40, 836K kuma ta haura tan 50. Bomag ta Jamus da Tana ta Finland su ma suna ƙera nasu.

Duk wanda ya kira ni neman kaya, tambayata ta farko ita ce lambar mashin. Sau da yawa sai a ce min, "Ai 826 ce, Oga." To, wace 826? Akwai G, akwai H, akwai K, kuma ko a cikin harafi ɗaya kamfani yakan canja wani abu yana tsakiyar ƙerawa. Abin da nake nema shi ne lambar nan mai haruffa da alƙaluma 17 da ke kan ɗan farantin da aka manna a jikin firam. Injin ma yana da tasa daban. Ita kanta lambar kayan takan tsufa, kamfani ya soke ta ya fito da sabuwa, don haka lambar da bakanike ya kwafo daga tsohon littafi sai an sake duba ta. A ɗauko min hoton farantin a waya ya fi min dogon bayani.

Inda aka fi yin asara shi ne haƙora. A ido duk ɗaya suke, ƙarfe ne baƙi mai nauyi. Amma mai laushi yakan cinye da wuri, wanda kuma ya cika tauri yakan tsage a gindin walda ya ɓalle ya ɓace cikin shara. Mai kyau shi ne wanda kansa ke da tauri, gindinsa kuma yake karɓar walda. Ko shi ma sai an ɗumama ƙarfen kafin a fara, an yi aiki da busasshen sandan walda irin 7018. Ban yarda a cusa sababbin haƙora jefi-jefi a tsakanin waɗanda suka cinye ba. Dogayen ne za su ɗauke nauyin su kaɗai, mashin ta riƙa jijjiga, sharar kuma ba ta dannu daidai ba. Jerin haƙoran ma da manufa aka yi shi, sai a bi yadda kamfani ya tsara wa kowace ƙafa. Mai juji fili yake sayarwa, kuma haƙoran da suka daƙushe cika masa rami suke yi tun lokaci bai yi ba.

Sai sil ɗin da ke tsare man giya a gindin ƙafa. Ka leƙa bayan gangar katafilar da ta yi kwanaki ba a share ta ba, za ka tarar da waya, igiya, tsumma, leda da sifirin ɗin tsohuwar katifa sun naɗe aksul tam, sun murɗe sun zama kamar gammo. Wayar nan ita ke kutsawa ta ci sil, mai ya fara tsiyaya, ruwan shara ya shiga, boris da giya su bi baya. Sil ɗin zobba biyu ne na ƙarfe masu santsin fuska, kowanne da robarsa a baya, kuma tare ake canja su. Ba a haɗa sabo da tsoho, ba a taɓa fuskar da hannu mai ƙasa. A nan ba na neman rangwame, na asali nake sawa. In kuma ƙarfen da ke kare aksul ɗin ya cinye, shi ma a canja shi a ranar, in ba haka ba sabon sil ɗin ba zai kai ko'ina ba.

Lagireto ma yana ruɗin mutane. Na wata katafilar yakan zauna daram a gurbin, noti ya ɗauru, amma ramukan iskarsa ƙanana ne. A juji takarda da ƙura za su toshe shi kafin a tashi aiki, injin ya ɗau zafi. Na juji ana buɗa masa ramuka, kuma fankarsa takan juya da baya ta hure dattin.

Tiyon haidurolik kuwa, kaurinsa bai isa shaida ba. A karanta matsin da aka rubuta a jikinsa, a kuma duba irin zaren bakinsa, don akwai masu kama da juna da za su ɗauru zagaye biyu sannan su ci zare. Injinan zamani masu shan ruwan yuriya, wato ruwan da ke tsabtace hayaƙinsu, suna son baƙin mai mai ƙarancin toka, irin CK-4, da filtar dizal mai tacewa sosai. Filta mai araha nozul take kashewa.

Ba komai ne sai na asali ba. Gilashi, fitila, kujera, madubi, farantin ƙarfen da ake liƙawa inda shara ke gogawa, duk ina sayen na wasu kamfanoni in na san ingancinsu. Manyan kaya kamar famfon haidurolik da tobo, wanda kamfani ya sake ginawa ya fi min na hannu da ba a san tarihinsa ba, sai dai za a mayar musu da tsohon, don haka kada yara su farfasa shi wajen kwancewa.

Yawancin juji katafila ɗaya gare su, in ta tsaya motocin shara ba sa tsayawa. Shi ya sa nake gaya wa masu ita su ajiye filtoci, bel, sil guda biyu da tiyoyin da suka fi fashewa a sito, kowanne da lambar mashin rubuce a jikin kwalinsa.