Kuɗin da ba zai iya jira ba, kada ku kai shi kasuwar hannun jari

Ƙannena, a 2007 na fara sayen hannun jari, lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kano. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda gari ya ɗauka. Babban Bankin Najeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya tilasta wa bankuna ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kowanne kuma ya fito yana tallan hannun jarinsa a rediyo da jarida. A ofishin malamai ba mu da hira sai wane ya saya jiya, yau kuɗinsa ya ninka.

Da kuɗin adashina na fara, kuma har yau ban ga laifin wannan ba. Inda na kauce hanya shi ne da na ga riba a takarda. Na je na ci bashi a ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, na haɗa da kuɗin da na ware don kwano da katakon rufin gidan da nake ginawa, na zuba duka. Lissafina shi ne bayan wata shida in sayar, in biya bashi, in yi rufi kafin damina. Ban taɓa buɗe rahoton shekara na ko da kamfani ɗaya ba. Abin da na ji ana yabo shi nake saye.

A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar, wato lissafin da ke nuna tashi da faɗuwar farashin hannayen jari gaba ɗaya, ya haura maki 66,000, daga nan ya juya ƙasa. Cikin shekara guda ya dawo wajen 20,000. Ba na manta ranar da na zauna a ofishin dillalina, fanka na kaɗa takardu, ya juyo min da fuskar kwamfuta ya ce, "Malam, duba da kanka, kowa sayarwa yake, babu mai saye." A lokacin ana yankar bashin daga albashina duk wata, damina ta sauka, ruwa yana cin bulon ginin da ba rufi.

Ku lura da nan, don nan ne asarar gaske take. Da matsi ya yi matsi, hannayen jarin da suka samu mai saye su ne masu kyau, na kamfanonin abinci da na siminti. Su ne na sayar a wulaƙance na biya bashi. Na bankunan da babu mai so suka rage a hannuna. A watan Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, daga baya wasu takardun nawa suka zama ba su da amfanin komai. Wani abokin aikina da ya saya da rarar albashinsa kawai, bai ci bashin kowa ba, shi ma ya ga faɗuwar, amma babu abin da ya tilasta masa sayarwa. Ya ci gaba da karɓar rabon riba duk shekara yana ƙara saye da ita. Kasuwa ɗaya muka shiga, bambancinmu kawai kuɗinsa na iya jira, nawa ba ya iyawa.

Kuma jiran ba na wasa ba ne. Sai a 2023 ma'aunin ya sake taka matsayinsa na 2008, shekara 15 ke nan, a farkon 2024 ya wuce 100,000. A tsakanin nan naira ta zube: dalar da ake saye wajen naira 118 a 2008 ta haura 1,500 a 2024. Saboda haka haƙuri kaɗai ba ya isa. Sai kamfanin ya kasance yana sayar da abin da mutane ba sa iya rabuwa da shi, yana samun riba ta gaske, yana kuma raba ta. Yanzu kafin in sayi komai sai na duba ribarsa ta shekara biyar da bashin da ke kansa, kuma ba na tara kuɗina a fanni guda.

Akwai batun halal, wanda na yi sakaci da shi a farko, abin yana damuna har yau. Tun 2012 kasuwar tana da ma'aunin Lotus na kamfanonin da aka tace bisa shari'a. Ku fara daga can, ku kuma tambayi malami masani game da zakkar abin da kuka mallaka.

Sai wani kuskure ƙarami da ya ci min kuɗi a ɓoye. Na tashi daga gidan haya ban sauya adireshi ba, takardun rabon ribata suka yi shekaru suna zuwa akwatin gidan waya da na daina buɗewa. Na sha zirga-zirga kafin in karɓo su. Ku yau abin ya zo muku da sauƙi: ku tabbatar dillalinku yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, ku karɓi lambarku ta CSCS, kamfanin da ke ajiye bayanan hannayen jarin kowa, ku cike fom ɗin da zai sa ribar ta riƙa faɗawa asusunku na banki kai tsaye. Ni na rubuta sunayen kamfanonin da lambobin a littafi, na nuna wa uwargida da babban ɗana inda yake, domin na ga marayun da mahaifinsu ya bar hannun jari ba su san da shi ba.