Kalmar da ta sa na ɓata wa dattijo rai

Ƙannena masu sha'awar Turanci, akwai wata kalma da nake so ku sani tun kafin ta kunyata ku yadda ta kunyata ni: breviloquent. Ko Turawan ma ba kasafai suke furta ta ba. Ana faɗarta ga mutum mai taƙaita magana.

Ina aji biyar a sakandare na tsinto ta. Lokacin ina da ɗan littafin da nake tara manyan kalmomi, in haddace su ba tare da na bi ta kan ma'ana ba, don dai a ce na iya dogon Turanci. Na ga wutsiyarta ta yi kama da ta eloquent, sai na ɗauka duk fasahar magana ake nufi. Ranar da aka ba ni jawabin godiya ga wani dattijo da ya shafe kusan awa guda yana yi mana lacca, na miƙe na kira shi da ita. Ashe ya san kalmar. Nan take fuskarsa ta sauya, ya zaci gatse nake yi masa a bainar jama'a, shi da ya baro aikinsa ya zo dominmu. Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu.

Malaminmu na Turanci bai yi mini tsawa ba. Alli ya ɗauka ya raba kalmar gida biyu a allo. A harshen Latin na mutanen Rum, brevis na nufin gajere, daga nan brief da abbreviate suka fito. Loqui kuma shi ne yin magana, tushen eloquent da loquacious, wato mai surutu. Da na tsaya na raba ta haka tun farko, da gabanta kaɗai ya ishe ni gargaɗi. Don haka duk babbar kalmar da kuka tsinta, ku ware gaɓoɓinta, ku buɗe ƙamus, kada ku jingina ta ga mutum sai kun tabbatar.

Daga baya na gano tsufanta. A shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da Juliyas Siza, babban kwamandan yaƙin Rum, ya shigo Italiya da rundunarsa, Sisero, fitaccen mai jawabi na Rum, ya buɗe wata wasiƙa ga abokinsa Atikus da kalmar breviloquentem, yana cewa halin da ake ciki ne ya tilasta masa taƙaitawa.

Malamin ne ya raka ni har gidan dattijon washegari, na durƙusa na ba shi haƙuri da Hausa.